A Nan Ba a Jefa Anka

Marlys Niemela ce ta matsa wa mijinta Arvo har suka baro arewacin Minnesota suka koma Dakota, kusa da 'yarsu Lorna da asibitin da ke duba masa kwankwaso. Kowa ya ce ta yi dabara, kuma ta yi ɗin, amma dabarar ba ta hana tsohon lalacewa ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin haƙar tama, ya yi ritaya a bakin tafki a tsakiyar daji, sai ga shi a garin da babu bishiyar da za ta tare wa mutum ido. Duk tsawon lokacin sanyi yana zaune gaban taga. Abinci sai an yi da gaske, magana sai ta kama, gardamar ma da aka san shi da ita ya ajiye ta. Wannan ya fi komai ba ta tsoro, domin ta san mijinta: ranar da Arvo ya daina musu, to ba lafiya ba.

Da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara kore, sai ta fita da kanta ta yaye tamfol ɗin da aka rufe ɗan jirginsu na kamun kifi, na gorar ruwa, da shi, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Tashi, Baban Lorna. Ga dam can, an ce kifin wolai har tsalle yake yi ya faɗo wa mutane cikin jirgi."

"Wannan ba tafki ba ne. Kogi ne aka toshe wa hanya."

"To, kifin ciki ya san da haka? Tashi ka sa takalmi, na gaji da kallon ƙeyarka."

Ya tashi yana ƙunƙuni. Ita kuwa ƙunƙunin nan daɗi ya yi mata, har da 'yar waƙarta tana zuba kofi a fulas.

A gangaren da ake sauke jirage suka tarar da maƙwabcinsu Delbert Schock, wani dogon tsoho da matarsa ta rasu, yana ɗora nasa jirgin a bayan a-kori-kura. Shi ya gama, su yanzu za su fara. Ya leƙa cikin jirginsu, idonsa ya sauka a kan ankar Arvo, wani dunƙulen ƙarfe mai ƙahoni da igiyarsa a naɗe, sai ya yi murmushi.

"Maƙwabci, wannan fa? Ado ne?"

"Anka ce. Ko ba ta iso nan ba tukuna?"

"Ta iso, mun mayar da ita. A nan ba a jefa anka. Sakin jirgi ake yi iska ta tafi da shi, kana jan ƙugiyarka a ƙasa. Ƙarƙashin ruwan nan daji ne guda, bishiyoyin bakin kogi na da, suna nan tsaye yadda ruwa ya same su. Kuma in ni ne kai, kafin rana ta take na fito. Iska na tafe."

Arvo ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take kamar an wanke. "Ku nan talla kuke yi wa kifi, gida-gida," in ji shi. "Mu can zama muke yi, kifi ya zo ya gaishe mu."

Delbert ya yi dariya, ya ɗaga wa Marlys hula, ya ja motarsa. Marlys ta ji maganar iskar, ta ji ta bishiyoyin, amma ta ga yadda kunnen mijinta ya yi ja don jin daɗin musu, abin da rabonta da gani tun kafin su taso. Sai ta yi shiru. Ta ɗaure rigarta ta ceto har wuya yadda ta saba, don ita da ruwa sai dai gaisuwa daga nesa. Shi kuwa tasa rigar ya ninke ya zauna a kai, yadda tsofaffin garinsu duka suke yi, wai ta fi amfani a matsayin matashi.

Ruwan ya fi duk yadda ta zata faɗi. Can gida ko'ina ka tsaya kana ganin gidan wani, da hayaƙin ɗakin wankan tururinsa, da tsibiri ko lungun da za ka fake. A nan babu komai sai ruwa da tuddai masu ciyawa, tsirara, ba gida ba inuwa. Arvo ya yi ta tafiya har motarsu ta zama ɗigo, sannan ya sami wani wuri daura da hancin tudu, ya kashe inji, ya ce nan ne. Ya tura ankar ta gefe, igiya ta yi ta zarcewa har Marlys ta fara tunanin ko ruwan ba shi da ƙasa. Da ta tsaya, sai ya ɗaure igiyar a ƙarfen da ke gindin jirgin, dab da inda yake zaune kusa da inji. Tun da kwankwaso ya fara ba shi wahala ya daina rarrafawa zuwa goshin jirgi don ɗaure ta a can, kuma a ɗan tafkinsu mai kwanciyar hankali hakan bai taɓa zama komai ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma turken bai san tsoho ba bai san yaro ba.

Abin haushin shi ne, dabarar tasa ta ci. Ya soka matsattsaku a ƙugiya, ya saki, kafin Marlys ta gama buɗe burodi sandar fatsarsa ta lanƙwashe. Ya jawo wolai mai ruwan zinariya, ƙayar bayansa a miƙe, idanun nan nasa masu hazo suna ƙyalli. Ya sake saki, ya sake jawowa. Tsohon da ya yi wata da watanni bai yi dariya ba sai ga shi yana ɓaɓɓaka ta har da tari.

"Ina ma Delbert ɗinki yana nan ya ga yadda ake yi."

"Delbert ɗina kuma? Yaushe aka ba ni shi?"

"Na ga yadda ya ɗaga miki hula. Ni bai ɗaga mini ba."

"Kai me za a gani a ɗaga wa hula?"

Suka ci burodi da naman gwangwani, suka sha kofi a murfin fulas. Marlys ta jingina, rana na dukan fuskarta, ta ce a ranta yau ta dawo da mijinta gida. Ba ta ƙara tuna Delbert da maganarsa ba.

Duk rayuwarsa Arvo da kunne yake gane iska. Kafin ta taɓa ruwa sai ta bi ta kan itatuwa, ganye ya yi ta shuu daga nesa, mutum ya naɗe fatsarsa a tsanake ya shige bayan tsibiri. A nan babu ganyen da zai ba shi labari. Marlys ce ta fara lura, ita ma ba ta san me take gani ba: ciyawar kan tudu ta kwanta gaba ɗaya ta koma fari-fari, can kuma daga kudu wani baƙin layi ya ratsa ruwan daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tahowa.

"Baban Lorna, mene ne wancan?"

Ya waiwaya. Nan take ya ajiye sandarsa ya kama igiyar anka.

Iskar ta iso kamar an buɗe ƙofa. Hularsa ta tashi, murfin fulas ya bi ta. Jirgin ya juya a kan igiyarsa har ya ba wa iskar baya, wato wajen da ya fi ko'ina gajarta, inda nauyin inji da nauyin Arvo suka taru. Ya ja igiyar, ta taho kaɗan ta tsaya cak. Ya sake ja da dukkan ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa suka fito, sai ta ɗan ba da kai ta koma, yadda reshe yake yi in an ja shi. Marlys ta gane ba tare da an faɗa mata ba. Ankar ta shige cikin rassan wata bishiya can ƙasa cikin duhu, kuma bishiyar ba ta da niyyar saki.

Taguwar ruwa ta farko ta mari gindin jirgin ta watso musu ruwa. Ta biyu ba ta tsaya mari ba, ta hau ta shigo, ruwa mai sanyin ƙanƙara ya rufe mata idon sawu.

"Kwance ta mana," in ji ta. "Bar musu ankar."

"Ƙullin ya ɗame. Ɗauki bokiti ki kwarfe."

Ta ɗauki bokitin tana kwarfewa, shi kuma ya tayar da inji, ya sa shi baya-baya don ya matsa kusa da ankar igiyar ta yi sako-sako. Ta yi sako-sakon kuwa, sai dai kafin ya kai hannu farfelar injin ta lashe ta, ta naɗe, injin ya yi wani ƙugi ya mutu. Yanzu jirgin a ɗaure yake ta ƙasan inji, kuma duk taguwar da ta zo, maimakon ya hau ta, sai igiyar ta danne gindinsa ƙasa ruwan ya bi ta kai. Marlys ta lalubo wayarta a aljihu, ta ga babu sabis ko ɗigo, ta mayar. Ta duba gabas ta duba yamma, babu jirgi ko ɗaya. 'Yan gari duk sun san abin da Delbert ya sani, sun tafi gida.

"Miƙo mini wuƙar gyaran kifi," in ji Arvo. Muryarsa a kwance take, amma leɓensa ya yi fari. "Ki zo ki riƙe mini bel. Sai na leƙa ƙasan injin."

"Sa rigarka tukuna."

Suka duba tare. Rigar da ya zauna a kai tana can tana lilo a kan ruwa, ta yi nisan da ko da filafilin tuƙa jirgi ba za a kamo ta ba.

Ta rarrafo cikin ruwan da ya kai mata gwiwa, ta cusa yatsu a bel ɗinsa. Ya kwanta da ciki a kan gindin jirgin, rabin jikinsa a waje, taguwa na rufe masa kai tana buɗewa. Tana jin yadda bayansa ke motsi yana yanka. Tana addu'a, amma kalma biyu kawai take ta maimaitawa. Sai ta ji wani tas a ƙarƙashinsu, jirgin ya zabura gaba kamar dokin da aka saki, ita ta faɗi da baya, bel ɗin ya zame daga hannunta. Da ta ɗago, babu kowa a gindin jirgin.

Ta dafa gefe ta leƙa, ba ta ga komai ba sai ruwa mai launin toka. A 'yan daƙiƙun nan ta ga kanta tsaye a ƙofar Lorna ita kaɗai, tana neman bakin da za ta ce ita ta yaye tamfol. Sai ga farin kansa ya ɓullo dab da jirgin, bakinsa a buɗe, idanunsa ba sa ganin komai. Ta kai hannu ta damƙi wuyan rigarsa, ta murɗa har ƙyallen ya naɗe mata a yatsu, ɗaya hannun kuma ta saƙala shi a ƙarƙashin bencin zama.

Ya kama bakin jirgin da hannu biyu yana tari. Ta yi ƙoƙarin jawo shi ciki, jirgin ya karkata har ruwa ya fara kwararowa ta gefen, dole ta bari. Shi mutum ne mai jiki, kayansa sun sha ruwa, ƙafar da zai ɗaga ya hau kuwa ita ce mai ciwon. Suka tsaya a haka, shi a waje ita a ciki, fuska da fuska, iska na tura su zuwa wata gaɓa da ke can nesa kamar zare.

"Saki ni ki kwarfe ruwan nan," in ji shi, haƙoransa na haɗuwa. "Ina riƙe."

Ta dubi hannuwansa. Sun yi fari fat, kuma tana kallo ɗan yatsa ɗaya ya zame daga bakin jirgin bai ma sani ba. Ta dubi ruwan da ke cikin jirgin, bokiti na yawo a kai, kifayen da suka kama suna iyo a tsakanin ƙafafunta. In ta saki ta kwarfe, jirgi zai yi sauƙi. In ta saki, ba ta da tabbacin za ta sake samun wuyan rigar nan.

"Ba zan saki ba."

"Marlys, jirgin zai nutse da ke."

"To ya nutse. Rufe mini baki."

"Ke dai ba kya jin magana."

"Wa ya koya mini?"

Ta taɓa ji a wajen matan cocinsu na da cewa ruwan sanyi ba ya kashe mutum da faɗa, lallashinsa yake yi har ya ji barci. Don haka da ta ga idanunsa sun fara lumshewa, ƙunƙunin ya ragu, sai wani tsoro ya shige ta wanda ya fi na taguwar. Ba ta da bargo, ba ta da wuta, ba ta da hannun da za ta mare shi. Abu ɗaya ta san yana ɗumama Arvo Niemela.

"Ka ji ni, tsoho? In ka kuskura ka tafi, kafin kaka na auri Delbert."

Ido ɗaya ya buɗe. "Wa?"

"Delbert. Mai hula. In ba shi sandunan fatsarka duka, da kujerarka ta gaban taga."

"Mai... kunne kamar faranti?"

"Kunnen da ke jin magana ba. Shi ya ce maka kada ka jefa anka."

"Talla... yake wa kifi."

"Yana gida yanzu a bushe yana shan kofi. Kai kana ina?"

Ya yi wani sauti, ko dariya ko tari, ya ɗan gyara riƙonsa. Ta ci gaba. Ta tono masa ɗakin wankan tururin da ya yi shekaru yana cewa zai gyara wa rufi har suka sayar da gidan yana yoyo. Ta tono munsharinsa, da safarsa da yake bari a kan tebur, da yayarsa Helmi wadda ba ta taɓa cin abincin Marlys ba tare da ta nemi gishiri ba. Duk abin da ta haɗiye tun suna amare ta amayar masa da shi a fuska, tana yi hawaye na zuba, iska na busar da su. Da farko yana ramawa. Daga baya ya koma kalma ɗaya-ɗaya. Daga baya sai ta zagi Helmi, zagin da a da zai sa ya bar mata ɗakin, bai ce uffan ba.

"Baban Lorna."

Shiru.

"Arvo. Yi mini musu mana. Ka ce ƙarya nake yi."

Hannunsa na hagu ya saki jirgin ya faɗa ruwa. Na daman ya bi shi. Nauyinsa gaba ɗaya ya dawo kan yatsunta, kafaɗarta ta yi ƙara, bakin jirgin ya nutse mata a haƙarƙari. Ta ɗaga haɓarsa da bayan hannunta don kada ruwa ya shiga masa baki. Hannun nata ta daina jin sa tuntuni, ba ta san ko tana riƙe da shi ba sai in ta duba da ido, don haka ta kafa wa yatsun ido, ba ta ƙara kallon gaɓa ba, ba ta ƙara kallon taguwa ba. Ta ci gaba da yi masa magana, amma yanzu ba zagi ba ne. Ta ce masa ita ta kawo shi ƙasar nan, ita ta fito da shi yau, kuma ba za ta koma gida ita kaɗai ba, ya ji da kyau.

Ba ta san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Abin da ta sani shi ne ruwan ya canza launi ya koma ja-ja, taguwar ta fara karyewa da kumfa, sannan wani abu ya gurji cikin jirgin daga ƙasa. Iskar ta kai su wani lungu mai laka inda shanu ke sauka shan ruwa. Ta mirgina ta gefen jirgin ta faɗa ruwan, ya kai mata ƙugu, sanyinsa ya ɗauke mata numfashi. Ta ja shi da baya-baya, tana faɗuwa tana tashi, laka na cire mata takalmi, har ta fitar da kafaɗunsa kan busasshiyar ƙasa, ƙarfinta ya ƙare a nan. Ta zube kusa da shi ta kara kunne a bakinsa. Iska ta hana ta jin komai.

Shanu suka ja baya suka tsaya suna kallonsu. Can saman tudu wata mota ta tsaya, wani mutum da ya zo duba garkensa ya fito, ya dube su, ya fara gangarowa da gudu yana cire rigarsa ta sama.

Marlys ba ta gan shi ba. Ta kwanta a jikin mijinta ta rufe shi da nata jikin, tana kiran sunansa a kunne. Sai ƙirjinsa ya motsa, ya yi tari, ruwa ya fito masa ta hanci. Idanunsa suka buɗe a hankali suka yi ta yawo kafin su same ta. Leɓensa ya yi shuɗi, sai da ta matso sosai ta ji abin da yake cewa.

"Kin shaƙe ni."

Ta duba. Hannunta na nan a murɗe cikin wuyan rigarsa, yatsun sun ƙage sun yi fari. Ta umarce su su buɗe, suka ƙi. Ta sa ɗaya hannun ta ja, ko motsi ba su yi ba.

"Ba ya buɗuwa," in ji ta, sai kuka ya ƙwace mata. "Na kasa, Arvo."

Ya ɗago nasa hannun da ƙyar, ya lalubi yatsunta zai taya ta. Shi ma nasa ba su da ƙarfin komai. Ya yi ta fama, ya gaji, sai ya bar hannun nasa a kan nata ya lumshe ido.

"To bar shi," in ji shi. "Bar shi a nan."